Muryar da Na Kama a Gadarif

Fasfo ɗina yana cikin durowar wani ofishi a Khartum ranar da aka fara harbe-harbe, kuma ina jin har yau yana can, in ofishin bai ƙone ba. Shi ya sa da aka kwashe ɗalibai 'yan ƙasarmu a motoci, ni na tsaya a bakin titi ina ɗaga musu hannu kamar wanda ya zo rakiya. Karatun kiɗa ne ya kai ni Sudan. A Malumfashi ko a gidanmu ba a faɗin haka da ƙarfi. In an tambayi mahaifiyata, sai ta ce ai Sabi'u ya tafi karatun Larabci.

Abu biyu na ɗauka da na bar ɗakina: gurmina, da wata 'yar na'ura da masu sana'ar ke kira lufa. Ni Aku nake ce mata, don aikinta ke nan. A ƙasa ake ajiye ta, tana da abin takawa guda ɗaya. Ka taka, ka kaɗa gurmi, ka sake takawa, sai ta riƙa maimaita abin da ka kaɗa ba tsayawa. Ka ɗora tafi a kai, ka ɗora murya, ka ƙara wata muryar, har mutum ɗaya ya zama ƙungiya a gaban idon jama'a. Tawa tsohuwa ce, ta hannu na saya, kuma tana da taurin kai iri guda: ba ta san a cire abu ɗaya a bar sauran ba. Ko ka danne ta da ƙafa har ta goge komai, ko ka bar komai. In ka kashe ta ba ka goge ba, gobe ka kunna za ta ɗauko daga inda ta tsaya.

Madani na fara sauka. Na yi watanni ina kwana a ajin wata makaranta tare da mutanen da ban san sunan rabinsu ba, har muka fara jin kamar mun tsira. Wata safiya aka ce waɗancan, mayaƙan da suka mamaye Khartum, sun kusa gada, kafin azahar kowa ya ɗaure kayansa. Wani direban lori ya rantse mana da Allah cewa Gadarif zai kai mu. Da muka iso Fau sai ya buɗe kan mota, ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce inji ya mutu. Muna gama sauke kaya injin ya tashi lafiya lau, ya juya ya koma ɗebo wasu. Wata tsohuwa ta bi shi da addu'ar da ba zan so a yi wa maƙiyina ba, ni kuwa na ce amin.

A shingen bincike na Fau aka zazzage jakata a ƙasa. Wani mai bindiga ya ɗaga Aku da wayoyinta suna reto, ya tambaye ni ko da ita ake tuƙa jiragen nan marasa matuƙi. Na ce kayan kiɗa ne. Ya ce in nuna. Na haɗa ta da 'yar lasifikata mai batir, na miƙa masa makirufo na taka. Ya ce da Larabci, "Ƙarya kake." Na sake takawa. Aku ta ce ƙarya kake, ƙarya kake, ƙarya kake. Abokansa suka kwashe da dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. Shi bai yi dariya ba. Ya sa na goge, ya miƙo mini ita da yatsu biyu, ya ce abin da ke riƙe maganar mutane ba abin wasa ba ne a ƙasar nan. Na ɗauke shi baƙauye, na tattara kayana na wuce.

Kwana biyu bayan haka na isa Gadarif a bayan tirelar tarakta, cikin ƙaiƙayin dawa. A tasha takalmina ya tsinke, na zage shi da Hausa, zagi mai kyau. Sai na ji an ce daga bayana, "Ya walad, kai yaro, takalmin ya ji, ya isa haka."

Wata dattijuwa ce cikin farin mayafi, zaune a kan 'yar kujera tana sayar da kisra, wainar dawar nan mai faɗi da tsami da mutanen ƙasar ke ci kullum. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Daga balad ka fito? Najeriya?"

Na ce eh, Inna.

"Ka ci abinci?"

Na girgiza kai. Wata takwas rabon da wani ya tambaye ni haka da harshen uwata. Sunanta Hajja Kaltuma. Kakarta ta fito daga ƙasar Haɗeja da ƙafa za ta aikin hajji, ta yi shekaru tana hanya, ta haihu a Gadarif, ba ta ƙara gaba ba. Inna ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma ta san sunan rijiyar garinsu. A ranar ta kai ni gidanta, ta ba ni ɗakin ƙofa, ta kuma sa wani ɗan'uwanta ya samo mini aikin ɗinke bakin buhuna a kasuwar hatsi. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajen aure. Ɗanta namiji ɗaya ne, Usmanu, direban lori, yaƙin ya rutsa da shi a yamma. Ta ce tun yana ƙarami shi ke kiran salla a masallacin unguwa, kuma duk Maulidi shi ke ja wa mutane baitin yabo. Ta ce ko kaji sun san muryarsa.

Gari ya yi ta cika. Makarantu suka zama gidaje, gindin kowace bishiya da iyali. Kullum da sabon labari a kasuwa: sun iso duwatsun Fau, a'a an kore su, a'a suna zagayowa ta kudu. Samarin unguwa suka kafa kwamitin tsaro. Da farko sanduna suke riƙewa, daga baya na fara ganin bindigogi. Babbansu a layinmu Tahir ne, ɗan maƙwabciyarmu Hajja Zainaba, wanda aka ce tare suka yi makarantar allo da Usmanu. Aikinsu neman waɗanda suka haɗa baki da waɗancan. Duk wanda ya fito daga garuruwan da aka kama sai an tambaye shi me ya yi a can. Wasu sukan dawo gida bayan tambayar. Wani tela da ke kusa da rumfarmu an tafi da shi ranar Talata, har na bar garin kekensa yana rufe da zani.

Da damina ta sauka, baƙar ƙasar Gadarif ta zama taɓo mai cire wa mutum takalmi, sai na lura Inna tana zuba tuwo a kwano uku. Ɗaya nawa, ɗaya nata, na ukun ta shiga da shi ɗakin ajiyar dawa ta fito hannu wofi. Ban tambaya ba. Wata ranar Juma'a na dawo da wuri, na tarar da wani dogon mutum a tsakar gida yana shanya ƙafafunsa a rana. Muka kalli juna. Inna ta fito daga madafa, ta rufe ƙofar waje, ta sa sakata.

"Sabi'u, zauna. Wannan yayanka ne, Usmanu. Amma Usmanu yana Habasha. Ka fahimta?"

Na ce na fahimta.

Shi ya ba ni labarin da bakinsa, a hankali. Waɗancan sun tare shi da lorinsa, suka sa masa bindiga a ƙeya, ya yi makonni yana jigilar kayan da suka kwasa daga gidajen mutane. Ya samu ya gudu cikin gonaki. Amma wani ya ɗauki hotonsa a waya yana tuƙa motarsu, hoton kuma ya riga shi isowa Gadarif.

"Wa zai tsaya ya ji bayani, ya zol, ɗan'uwana?" in ji shi. "Hoto ba ya nuna bindigar da ke bayan kujera."

Daga nan muka saba. In Inna ta tafi tasha, ni kuma ba aiki, sai in shiga ɗakin dawa da Aku, in sa masa abin ji a kunne don kada sauti ya fita. Yakan yi raɗa a makirufo, ya ji raɗar tasa ta dawo, ya yi murmushi. Mutumin da ya saba tashin unguwa guda da murya, tun dawowarsa bai yi magana sama da raɗa ba. Shi ya koya mini waƙar da Inna ke yi in tana niƙa, wadda ta gada daga kakarta. Mai ja ya ce, "Mun bar rijiya, mun bar kuka," masu amshi su ce, "Gabas tana gaba." Ko a raɗar ma na ji abin da ke cikin maƙogwaron nan, kuma tun a lokacin raina ya biya.

Bayan ruwa ya ɗauke, lokacin yankan riɗi, na haɗu da Mu'utaz a kasuwa. Makaɗin udu ne, molon Larabawa, da na sani a Khartum, inda duk shekara yake tara masu lufa a wani lambu a bakin kogi, ɗalibai da baƙi su zo su zauna a ciyawa. Yanzu fitilun sola yake gyarawa. Ya ce ya ƙirga, mu huɗu ne masu lufa da yaƙi ya watso Gadarif, kuma huɗu sun isa taro. Wani ɗan kasuwa ya ba da filin rumbunsa da babu kaya. Batirin mota biyu, lasifika ɗaya babba da aka aro daga masu biki. Kwana uku, daga la'asar zuwa kafin magariba, don dokar hana fita.

Taron yana da ƙa'ida tun can Khartum: na'ura ta hau fanko, ta sauka fanko. Kafin ka fara ka taka a gaban kowa a ji babu komai ciki, in ka gama ka danne ka goge a gaban kowa. Mu'utaz ya ce da can dalilin shi ne mutane su tabbata ba ka zo da kiɗanka a aljihu ba, a gabansu aka gina shi, nasu ne, tare da su zai tashi.

"Yanzu kuma akwai dalili na biyu," in ji shi, ya kalli ƙofar rumbun. Bai faɗi dalilin ba.

Na yi zaton mutum talatin za su zo. Ranar farko filin ya cika har kan katanga. 'Yan gudun hijira daga makarantu, matan unguwa da tabarminsu, 'yan ƙwadagon gonakin Gadambaliya da suka sauko daga tirela da laujensu a kafaɗa. Wata mawaƙiya mai suna Salma ta buɗe. Ƙungiyarsu mutum shida ce kafin yaƙi. Ta buga ganga ta taka, ta ce wannan hannun mai gangarmu ne, yana Masar. Ta busa sarewa ta taka, ta ce wannan na wanda ba mu san inda yake ba. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har suka cika shida, ita kaɗai a tsaye. Da ta goge a ƙarshe, filin ya yi tsit, ba wanda ya tafa sai da aka jima.

Rana ta biyu dariya aka sha. Mu'utaz ya bi cikin mutane yana kama ƙarar cokali a kofin shayi, da wasa lauje a dutse, da tarin wani tsoho. Tsohon ya ji tarinsa ya zama kiɗa, ya miƙe ya yi rawa da sandarsa. Na ga fuskokin da na saba gani a layin ruwa da layin abinci, mutanen da kullum ake ba su ko a hana su, yau ga abinsu ana gina waƙa da shi. Mu ma makaɗan haka ne. Watanni muna ɗinkin buhu da gyaran fitila, mun manta cewa hannuwanmu sun san wani abu.

Na koma gida na kwashe duka na gaya wa Usmanu. Ya saurara idonsa a rufe. A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce masa gobe ni ne na ƙarshe, kuma waƙar Inna zan yi. Na ce 'yan ƙwadago duk a naɗe suke da rawani saboda ƙura, ido kawai ake gani. Ya shiga cikinsu ya tsaya can baya, wa zai gane shi? Ya ce Inna ba za ta yarda ba. Na ce ai Inna tana gaba cikin mata. Na gaya wa kaina tausayinsa nake ji. Tausayin yana ciki, amma ba shi kaɗai ba.

Rana ta uku na hau, na taka aka ji fanko. Na shimfiɗa gurmi, na ɗora tafin jama'a, na ja baitin: mun bar rijiya, mun bar kuka. Matan Hausawan unguwa suka kalli juna, suka fara murmushi, don ba su zaci baƙo zai san ta ba. Wayar makirufo doguwa ce. Na ɗauki Aku a hannu, na sauka cikin mutane ina neman wanda zai ba ni amshi. Sai na gan shi jingine da katanga, rawani har hanci. Idonsa ya cika da ruwa, ƙirjinsa na hawa da sauka. Ina da hanyar dama, ina da ta hagu. Na nufe shi, na danna na'urar da tafin hannu, na miƙa masa makirufo.

Ya ja rawanin ƙasa kaɗan ya ce, "Gabas tana gaba."

Ban taɓa jin murya irin wannan ba, kuma ban sake ji ba. Ta fita daga babbar lasifikar ta haye katanga. Da sau ɗaya ce, da ta wuce, kowa ya ce kunnensa ne. Amma hannuna ya riga ya danna na biyu, don abin da ya saba ke nan. Waƙar ta zagayo, muryar Usmanu ta sake fita. Ta sake zagayowa, ta sake fita. Na ga kawunan mata suna juyowa ɗaya bayan ɗaya. Na ga Inna ta dafe ƙirji. Da na waiga, wurin da yake tsaye babu kowa.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in danne in goge. Na tsaya kamar an dasa ni. Wani ɓangare na zuciyata yana cewa in sauti ya yanke kwatsam kowa zai san akwai dalili. Wani ɓangaren kuma, gara in faɗa, yana cewa wannan ne abu mafi kyau da na taɓa haɗawa a rayuwata.

Hajja Zainaba, uwar Tahir, ita ta tashi. Mace ce mai jiki, ta ratso mutane ta fizge makirufon daga hannuna.

"Danna abin naka, ya walad."

Na danna. Ta ɗora muryarta daidai kan tasa, da ƙarfi, har lasifika ta yi ƙara. Ta miƙa wa ta kusa da ita. Waccan ta yi, ta miƙa gaba. Matan unguwa suka yi layi ba wanda ya ce su yi, kowacce ta faɗi kalmomi ukun nan a daidai wurin, wasu da guɗa. 'Yan ƙwadagon da ba su san komai ba suka ɗauka haka wasan yake, suka shigo su ma, har waɗanda ba su jin Hausa. Kafin rana ta yi ja, muryar Usmanu ta nutse ƙarƙashin muryoyi masu yawa. Inna ce ta ƙarshe, tata ba ta fita sosai ba.

Aka yi ta tafi. Mu'utaz ya yi mini alama da ƙafa daga gefe. Na sunkuya, na ɗora ƙafata a kan Aku yadda kowa zai gani, amma ban danne ba. Na zare wayar batir da yatsa. Sauti ya ɗauke, kowa ya ɗauka na goge. Na ce a raina sau ɗaya kawai zan saurara a ɗaki.

Washegari da hantsi aka buga ƙofa. Tahir ne da bindiga a kafaɗa, tare da wani mutum mai tabarau da ba ɗan unguwa ba, wanda ba ya jin Hausa. Tahir bai je taron ba, yana bakin aiki a shingen hanya. Mai tabarau ya yi bayani da Larabci cikin ladabi mai ban tsoro. Wani ya kawo rahoto cewa jiya daga bayan katangar rumbu ya ji muryar mutumin da ake nema. An ce baƙon gidan nan yana da na'ura mai riƙe murya.

Na ce babu komai cikinta, ƙa'idar taron ce a goge.

"Kwayyis, da kyau," in ji shi. "To kunna mu ji babu komai."

Inna tana tsaye a ƙofar madafa da muciya a hannu. Ɗakin dawa, inda Usmanu ya koma ya ɓuya, yana bayan Tahir, taku biyar. Na durƙusa na haɗa wayoyi, ina addu'ar batir ya mutu. Bai mutu ba. Na taka, gurmi ya tashi, tafi ya tashi, sai taron muryoyi: gabas tana gaba. Inna ta kalle ni. Da ta doke ni da muciyar da ya fi mini sauƙi.

Mai tabarau ya juya ga Tahir. "Kai ka san muryarsa. Yana ciki?"

Tahir ya sunkuyar da kai yana saurare. Ni na san inda matsalar take. Usmanu yakan ja ƙarshen baitin fiye da kowa, don haka in matan suka sauke, akwai ɗan wutsiyar sauti da ke saura, siriri, nasa shi kaɗai. Waƙar ta zagayo sau ɗaya. Sau biyu. A na uku na ga muƙamuƙin Tahir ya motsa, na san ya ji. Amma a saman komai, mafi ƙarfi, mai sa lasifika rawa, muryar Hajja Zainaba ce. Duk wanda za a kai wa wannan na'urar, ita zai fara ji.

"Tsofaffin unguwa ne," in ji Tahir. "Da 'yan gona."

Mai tabarau ya ce ko za a tafi da ita ofis a saurara da kyau. Tahir ya ce ba zai ɗauki muryoyin matan mutane ya kai gaban maza a ofis ba, unguwa za ta tashi. Ya juyo kaina ya daka mini tsawa da Larabci, wa ya ba ni izinin ajiye muryar iyayensu? In goge yanzu a gabansu. Na ɗora ƙafa na danne, na ƙirga uku a raina. Tsakar gidan ta yi shiru. Mai tabarau ya ɗaga kafaɗa ya nufi ƙofa.

Tahir ya tsaya gyara igiyar bindigarsa, bai kalli kowa ba, ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa.

"Inna, lorin masu yankan riɗi zai tashi Hawata bayan azahar. Ba a cika duba su ba. Ba ni kaɗai ke da kunne a garin nan ba."

Bayan azahar Usmanu ya fito da tsohuwar riga da lauje, rawani har hanci. Inna ta ɗaure masa kisra a leda, ta tofa masa addu'a a ka, idonta a bushe. Na tsaya a gefe na rasa inda zan sa hannuwana. Na fara ba shi haƙuri, ya tare ni.

"Ma'alesh, ba komai, ni na buɗe baki. Ɗazu na ji waƙar ta bango." Ya gyara rawaninsa. "Ban taɓa jin muryata daga waje ba. Ashe haka take."

Ya fita ta ƙofar baya. Wata uku ya yi a ɓoye a gidan uwarsa ba wanda ya taɓa shi, ni na fitar da shi cikin yini ɗaya.

Inna ba ta kore ni ba. Ta ci gaba da zuba mini tuwo, kwano biyu yanzu. Wani ɗan ƙwadago ya kawo saƙo cewa an ga Usmanu ya sauka a Hawata lafiya. Daga nan ba a sake jin komai ba. Riɗi ya ƙare, 'yan yanka suka dawo, ba ya cikinsu. Wani ya ce ya haye kogi, wani ya ce ya yi kudu. Mu'utaz ya daina yi mini magana na wani lokaci, daga baya ya ce ƙa'idar ba don ado aka kafa ta ba, na ce na sani.

Da sanyi ya shigo takardar tafiyata ta fito, ta hanyar iyakar Habasha. Ranar da zan tashi na ɗaure kayana da sassafe, na je yi wa Inna sallama. Tana zaune a bakin ɗakin dawa. Ta ba ni ƙullin gyaɗa da dabino, ta ce in gaida mahaifiyata, in kuma gaya mata gaskiyar abin da nake karantawa. Na durƙusa ta dafa kaina. Na miƙe ke nan ta riƙe hannun jakata.

"Sabi'u. Abin nan naka. In an goge, ba ya barin ko kaɗan? Kamar ƙanzo a gindin tukunya?"

Na ce ba ya bari, Inna.

"Kunna dai."

Na kwance jakar, na fito da Aku, na haɗa ta da 'yar lasifikar, na taka. Ba abin da ya fito sai 'yar shuuu ɗin da lasifika ke yi in babu komai. Inna ta jawo ta kusa da kunnenta ta riƙe da hannu biyu. Na tsaya ina kallon ƙasa. Ta daɗe a haka, har rana ta hau katanga.

"Khalas, shi ke nan," in ji ta, ta miƙo mini. "Kashe. Mota za ta tafi ta bar ka."